Ba a Auna Jirgin Ayuba da Mudu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina Ayuba, wanda unguwa ta sani da Baban Rifkatu. Ni ba na duba kalanda, amma lissafina ba ya ɓata. Ya tafi a daminar da ta biyo bayan wadda kogi ya cika ya shiga gidajen mutanen bakin ruwa, shekarar da aka zuba jan ƙasa a hanyarmu ta Romi, nan Kaduna, aka ce kwalta na nan tafe. Mangwaron ƙofar gidanmu bai fara 'ya'ya ba a lokacin. Bana sai da na sa aka sare masa reshe don yana dukan kwano. Kwalta kuwa muna nan muna jiranta.

Ban taɓa shiga aji ba. 'Yata Rifkatu ce ke riƙe da biro, ni ke magana, kuma na gaya mata in ta gyara mini baki zan kai wa wani ya karanta mini in kama ta. Abin da ya sa na ce a kai wannan jarida shi ne, har yau in an ambaci mijina akwai masu cewa, "Au, tsohon nan mai wasan yara?" Akwai kuma waɗanda suka taɓa faɗin abin da ya fi haka muni, da murya ƙasa-ƙasa. Waɗannan na amsa musu a cikin gidana tuntuni. Yanzu ina so in amsa inda kowa zai ji.

Ayuba makanikin injin saƙa ne. Ƙarfinsa duk a masaƙa ya ƙare, a Kakuri, hannu kullum baƙi da mai. Da aka rufe masaƙun nan na ga abin da zama ke yi wa maza. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa da furfurarsu, wasu suka zauna gindin bishiya suna dara har hawan jini ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya yi gadi, ya yi gyaran janareto, amma hannunsa bai ƙoshi ba. Sai ya koma kwance mini kaya a gida. Fanka lafiyarta ƙalau, ya kwance ta ya ɗaure. Rediyo na magana, ya buɗe masa ciki don ya ga me ya sa yake magana. Na fara ɓoye tocilata.

Wata rana ya tafi Tudun Wada wurin Alhaji Garba mai gwanjo, abokinsa tun suna samari a masaƙa. Lokacin, bayan rikicin garin nan, mutanenmu da yawa sun ɗauke ƙafa daga can, shi kuwa bai taɓa ɗaukewa ba. Rigar sanyi ya je nemo mini. Ya dawo babu riga, sai leda cike da 'yan bulo na roba, ja da rawaya da shuɗi, irin masu 'yan ƙuraje a baya, waɗanda in ka danna wani kan wani sai su kama gam. A ƙasan dilar kayan wasa Alhaji ya tsince su. A cikinsu har da kan jirgin ƙasa da bai fi tsawon tafin hannuna ba, da guntayen layin dogo.

Na ce, "Baban Rifkatu, ina rigata?"

Ya ce, "Laraba, dubi ƙafafun nan. Ƙarfe ne fa. Abin nan ta ƙafa yake shan wuta."

Na ce, "Ni kuma ta baya nake shan sanyi."

Ko jina bai yi ba.

Daga ranar nan Alhaji Garba ya zama mai tara masa. Duk dilar da aka kwance, shi da maƙwabtansa na kasuwa, in an ga ɗan bulo ko ɗaya ne sai a jefa a gwangwani a ajiye wa Ayuba. Suna zuwa da datti, wasu da shaidar haƙoran yaran wata ƙasa, wasu da gashin kare. Wankin nawa ne. In zuba su a baho da garin sabulu, in cuɗa, in shanya a tabarma cikin inuwa don rana na kashe musu launi, sannan in ware su kala-kala a kwanuka kamar mai tsintar wake. Duk wanda ya ce mini ba ni da hannu a jirgin nan, ya zo in nuna masa bahon.

Ɗakin da muka gina don baƙi shi ya ƙwace. Ya samo tsofaffin ƙofofi ya kwantar a kan ƙafafun katako, suka zama tebur daga bango zuwa bango. A kai ya gina hanyar da jirgi ya biyo da mu ranar da aka kawo ni Kaduna ina amarya. Ga tashar Kafanchan. Ga dutsen Kagoro, da baƙaƙen bulo da masu ruwan toka, inda suka ƙare masa ya cike da jajaye. Ga Zonkwa da 'yan mata masu talla a bakin layi. Ga gadar ƙarfe. Ga tashar Kaduna, sannan can a kusurwa ga masaƙarsu da dogon bututun hayaƙinta, ƙofarta a buɗe.

Kan dutsen nan mun yi faɗa. Ya gina shi a hannun dama. Na ce a hagu yake. Ya ce dama. Na ce, "Ni ce na zauna a taga ina kuka ina kallonsa, kai kana tsaye kana gadin akwati kada a sace. Wa ya fi gani?" Ya shiga ya rufe ƙofa. Da na dawo daga kasuwa dutse ya koma hagu. To a Romi duka, wace mace ce za ta ce mijinta ya taɓa matsar mata da dutse?

Layin dogo shi ya fi ba shi wahala. Na asali, mai ƙarfe a kai, kaɗan ya samu. Waɗanda suka riƙa zuwa daga baya roba ce zalla, kuma jirginsa ba ya tafiya sai ƙafarsa ta taɓa ƙarfe. Sai ya koma yanka gwangwanin madara siri-siri, ya lanƙwasa, ya ɗora a kan na robar, ya haɗa gaɓa da gaɓa da dalma. Masu shayin unguwa duk sun san shi da roƙon gwangwani. Wuta kuma, ta gida ba abin dogaro ba ce, sau ɗaya ma ta dawo da ƙarfi ta ƙone masa akwatin da ya haɗa. Sai ya samo batirin babur ya ajiye a ƙarƙashin tebur, ya ja waya ja da baƙa, ya haɗa abin murɗawa da kayan cikin tsohon rediyo. Daga baya ya ɗora ɗan farantin sola a kan kwano, tun mutane na tambayarsa ko madubi ne. Unguwa ba wuta, fanka a tsaye, firiji a mace, jirgin Ayuba na tafiya abinsa.

Wannan ɓangare na wuta ban taɓa sa masa hannu ba. Ranar Asabar yake rufe ƙofa ya yi wa jirgi hidima, ni kuwa Asabar ce babbar ranar cinikina, ina kasuwa da citta da daddawa tun safe har yamma. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Yara na zuwa kallo, gaskiya ne. Amma waɗanda suka fi daɗewa a ɗakin nan tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne. Su ce gaisuwa suka zo, su tsaya hannu a baya, ido a kan ɗan bututun nan, har abinci ya huce. In sun fita waje kuma wasunsu su ne masu dariya. Babban mai dariyar shi ne Bulus, ƙanin Ayuba, wanda ke zaune a ƙauye yana riƙe da gidan gado. Duk zuwansa sai ya ce, "Matarmu, har yanzu yaronki bai girma ba?"

Ciwon Ayuba bai ja lokaci ba. Muka kai shi gida muka binne kusa da mahaifinsa. A al'adarmu, bayan an share makoki dangi kan taru a shimfiɗa tabarma a fito da kayan mamaci, kowane gida ya ɗauki wani abu, don kada a kulle mutum a ɗaki ɗaya, ya bazu cikin danginsa. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa zaginta ba. Suka biyo ni Romi, Bulus ne a gaba. Aka fito da riguna, takalma, sifanu, rediyo, Littafi Mai Tsarki, har bargonsa. Ina zaune ina kallo.

Sai aka buɗe ɗakin jirgi.

Bulus ya leƙa ya ce, "Wannan tarkacen ai na yara ne. Jikoki ga su nan da yawa, na gari da na ƙauye. A fasa a raba."

Wani ya ce, "Yaya za a raba abin da ba ya ƙirguwa?"

Kafin in ɗaga kai, wata matar gidansu ta ruga kicin ɗina ta ɗauko muduna, wanda nake auna acca da shi. Ta ce, "Ga shi. Mudu-mudu, kowane gida." Aka ce haka ne, an yi adalci.

Na tashi, na je na zauna a bakin ƙofar, na miƙe ƙafafuna. Na ce duk mai son shiga ya taka ni. Amma wani ya riga ya shige, yana leƙen ƙarƙashin tebur. Sai ya fito da kwalba, rabinta da wani farin ruwa. Bulus ya karɓa, ya buɗe, ya kai hanci. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Ogogoro ne, farar barasar nan mai ƙarfi.

Ayuba dattijon coci ne. Shi ke raba jibin Ubangiji.

Bulus ya ce, "To. Yanzu mun gane. Da ma mutum da hankalinsa ba ya shekara da shekaru a kulle yana wasa da motar yara. Ashe da abin da ke tura jirgin."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma na ga haƙoran waɗanda suka yi, kuma ban manta ba.

Na ce, "Bulus, na kwana kusa da mutumin nan tun kana yawo ba wando. Na san warin bakinsa fiye da uwar da ta haife ku. Bai taɓa sha ba."

Ya ce, "To ta mece ce, matarmu?"

Na san bai sha ba kamar yadda na san sunana, amma ban san ta mece ce ba. Abin da ya ƙone ni ke nan.

Bulus ya tuttular da kwalbar a gindin mangwaro. Ya ce, "Ba za mu ja ki daga ƙofa ba, ke uwa ce. Amma abin nan mai shi kaɗai ke tayar da shi, kuma mai shi ya tafi. Za mu dawo addu'ar cika shekara. In kin tayar da shi da hannunki ya kewaya, an bar miki. In bai tashi ba, mudu."

Na ce, "Shekara ɗaya? Ka raina ni. Ka zo duk shekara. Ranar da bai tashi ba, ni zan riƙe maka buhu."

Na fizge muduna daga hannun matar nan, na kulle ɗaki.

Da farko abin bai yi wuya ba. Na murɗa yadda na ga yana murɗawa, jirgi ya tafi. Rifkatu ta ce bari ta kawo mai gyaran wuta ya riƙa dubawa, na ce a'a, da hannuna aka ce. Rani ya wuce lafiya. Da damina ta sake shigowa sai na ga ja-ja ya fara fitowa a layin gwangwanin nan. Tsatsa. To me mace ke yi wa ƙarfe in ya fara tsatsa? Wuƙata, injin taliyata, kwaɗon ƙofata, duk mai nake shafa musu. Na ɗauko man gyaɗa mai kyau, wanda ko miya ba na sa shi sai ranar Lahadi, na shafe layin nan tas daga Kafanchan har Kaduna. Ya yi ƙyalli kamar goshin amarya. Na tsaya ina yaba wa kaina.

Da na murɗa, jirgi ya yi gaba kaɗan, ya yi gurnani, ya tsaya. Na tura shi, ya sake tsayawa. Kwana na tafiya, ƙura na manne wa man, abin ya zama baƙin danƙo. Ga ranar addu'a ta matso, an riga an aika wa dangi. Na wanke da ruwan sabulu, tsatsa ta ƙaru, danƙon bai fita daga gaɓoɓin ba. Na cire wayoyin nan biyu na ɗora a harshe, yadda na taɓa ganin yana yi, suka cije ni har hawaye. Wuta na nan ke nan. Tsakanin layi da ƙafa ne aka ɓata.

Na yi masa faɗa a ɗakin nan kamar yana tsaye. Na ce, "Baban Rifkatu, ka koya mini wanki, ka koya mini tsinta, ka tafi da abin da ya fi. Yanzu ƙaninka zai auna ka kamar dawa."

Da faɗa bai yi ba, na durƙusa na shiga ƙarƙashin teburin da gwiwoyin nan nawa, ina bin wayoyi. Can bayan batir na ga gwangwani a rufe. Na buɗe. Tsummoki ne, an yanka daidai-daidai, daga wani tsohon zanena da na daɗe ina nema. Kowane tsumma da baƙaƙen layi biyu a jere. Na fito na ɗora ɗaya a kan layin dogo, faɗinsu ɗaya. Na kai hanci.

Warin da Bulus ya zagaya da shi tsakar gidana ne.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har na yi kuka, sannan na tashi na yi wanka. Na ɗaura zanena mai kyau, na kafa ɗankwali, na ɗauki kwalba a hannu, ba a jaka ba. Da rana tsaka na bi babbar hanya zuwa rumfar Mama Doo, wata 'yar Binuwai mai sayar da abin a bayan tashar mota. Ni da nake gaba-gaba a zumuntar mata. Mazan da ke kan benci suka gan ni, kofuna suka ɓace ƙarƙashin riguna. Ɗaya ya miƙe yana tangaɗi ya ce, "Mama, wa'azi ne? Mun tuba tun jiya."

Na ce, "Zauna kafin ka faɗi." Na miƙa wa Mama Doo kwalba na ce ta cika.

Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce, "Na jirgi?"

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Haka Baba ke cewa. Ba ni na jirgi, mai ƙarfi, wanda ba ki yi wa baftisma da ruwa ba. Can bakin hanya yake tsayawa, ba ya shigowa. Ko ɗanɗanawa ba ya yi. Sai ya zuba kaɗan a murfi ya ƙyasta ashana, in bai kama wuta ba ya dawo mini da abina."

Na ce, "Kina nan, kina ji ana cin mutuncinsa shekara guda, kika yi shiru?"

Ta ce, "Haba Mama. Mai ogogoro ta je ta yi wa dattijon coci shaida? Ai in na ce na san shi, na gama kashe shi."

Gaskiyarta. Na ce ranar addu'a ta zo gidana, kuma ta shigo ta ƙofar gaba.

Na koma na kankare tsatsa da samfefarsa, na jiƙa tsumma na bi layin nan gaɓa-gaɓa. Danƙon da sabulu ya kasa, abin nan ya ɗauke shi, kuma kafin ka ɗaga hannu ya bushe, bai bar ruwan da zai kawo tsatsa ba. Na kifa kan jirgin na goge masa ƙafafu. Na gwada. Abin da na gani ban gaya wa kowa ba, ko Rifkatu.

Ranar ta zo. Aka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, aka ci tuwo. Matar nan ta zo da sabon mudu daga ƙauye, tana ɓoye shi a bayan zane kamar ban gani ba. Na buɗe ɗaki na ce kowa ya shigo, fasto a gaba. Na ɗauko kwalba na dire ta a tsakiyar tebur, kusa da dutsen Kagoro. Na ji wata ta ce, "Yesu!" Na buɗe, na jiƙa sabon tsumma, na bi layi a hankali, ba na sauri, daga tasha zuwa tasha. Na ɗaga tsumman, ga baƙaƙen layi biyu. Na fito da na Ayuba na jera su. Na kai duka biyun hancin Bulus na ce, "Shaƙa. Kai ne gwanin shaƙa."

Sannan na murɗa.

Ya tashi daga Kafanchan da taragunsa na bulo, ya bar dutse a hagu, ya wuce 'yan matan Zonkwa, ya hau gada tana ƙara, ya shiga Kaduna, ya bi ta gaban masaƙa ya koma. Na bar shi ya yi ta kewayawa. Mama Doo na tsaye a bakin ƙofa. Fasto ya tambaye ta, ta faɗi abin da ta faɗa mini, har da ashana. Fasto ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mama, Allah ya gafarta mana." Shi kaɗai ya faɗi haka. Bulus ya daɗe yana bin jirgin da ido, sannan ya ce, "Bana ya tashi. Sai baɗi."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Haka muke yi tun daga lokacin, duk damina.

Wani lokaci in ina goge layi nakan tambayi kaina me Ayuba zai ce da ya leƙo yau. An kawo sabon jirgi mai zuwa Abuja, an ce ma a waya ake yankar tikiti. Zai so ya ga cikin injinsa, wannan na tabbata. Amma tsohon layinmu ciyawa ta cinye, masu doya sun baza kaya a kai, kuma duk wanda zai je Kafanchan sai ya bi mota. Masaƙa ta gaske ko rufi babu. Tasa ce kaɗai a Kaduna da ta rage da ƙofa a buɗe. Farantin sola da aka yi masa dariya a kai, yau ku ɗaga kai ku dubi rufin gidajen Romi da Narayi, har gidan wanda ya kira shi madubi. Mijin Rifkatu ya nuna mini a waya wasu tsofaffi a ƙasashen waje, furfura fal, suna gina irin wannan a manyan ɗakuna, mutane na layi don kallo. Ba wanda ya shinshina bakinsu. An ce yanzu har a kantunan garin nan ana sayar da bulon a kwali, da takarda mai nuna maka abin da za ka gina. Wannan kam na san amsarsa. Zai ce, "In an riga an gaya maka, me ka gina?"

Ni ma na yi nawa ginin. A gefen tashar Kaduna na ƙara rumfa biyu, ɗaya ta gwanjo, ɗaya kuma a bayan tasha, da benci. Mai ita ta zo ta gani ta ce na yi mata rowar kwano. Batir na sauya ba sau ɗaya ba, yanzu daga kukan jirgi nake gane ya fara gajiya. Abin da ke damuna ɗaya ne, kan jirgin guda ne tak, kuma muryarsa ta fara dishewa in zai hau gada. Alhaji Garba na neman wani har yau bai samu ba. Ba na ɓoye wannan. Wata shekara yana iya ƙin tashi. Amma ba bana ba.

Bana Bulus ya zo da sanda, ana riƙe da hannunsa. Yanar ido ta rufe masa gani, kunnen ma ya yi nauyi. Haƙuri dai bai taɓa ba ni ba, ni ma ban roƙa ba. Bayan addu'a aka shigo da shi, na goge, na murɗa.

Ya ce, "Ya tashi?"

Na ce, "Ba ka ji?"

Ya ce, "Matarmu, me nake ji yanzu?"

Na kama hannunsa na ɗora a gefen gada. Jirgi ya zo ya wuce, gadar ta yi rawa ƙarƙashin yatsunsa. Bai ɗauke hannun ba sai da ya sake zagayowa.

Ya ce, "Bana ya tashi."

Na ce, "Ka manta saura."

Ya ce, "Laraba, ke ma kin san ba don mudu nake zuwa ba."

Na ce, "Ni don mudu nake jiranka. Faɗi."

Ya ce, "Sai baɗi."

Rigunan Ayuba da aka raba sun yage, takalman sun cinye, sifanun ban san hannun wa suka faɗa ba. Abin da na hana a raba shi ne har yau dangi ke taruwa a kansa. Don haka ga maganata, a jarida, kada wani ya ce bai ji ba. Ranar da aka shimfiɗa tawa tabarmar, a raba zannuwana, a raba tukwanena, har mudun a ba wanda ya fi kwaɗayinsa. Jirgi na Rifkatu ne, ɗungurungum, da teburinsa da batirinsa da kwalbarsa. Ta iya gugar layi, ta san hanyar rumfa, kuma ta san ba a shafa masa mai.

Cikin waɗanda suka ga farkon abin nan, yawanci sun bi Ayuba. Abokansa na masaƙa masu tsayawa hannu a baya sun ƙare. Matar da ta ɗauko mudu ta rasu bara, na je na yi mata waƙa har bakin kabari. Saura Alhaji Garba a Tudun Wada, ba ya iya zama kasuwa sosai, amma gwangwaninsa na nan ƙarƙashin tebur ana jefa mini bulo. Saura Mama Doo, wadda har yau ba ta yi wa nawa baftisma. Saura Bulus, da bashin zuwa baɗi a kansa. Sai ni, Laraba matar Ayuba, ina nan Romi gidan mai mangwaro. Batir a cike yake. Duk mai shakka ya zo ranar Asabar, na daina zuwa kasuwa.